Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Labarin Tashar Mombasa

A wannan mako za mu ɗauki masu karatu zuwa gabashin Afirka, can bakin Tekun Indiya, inda wani gari mai suna Mombasa ya yi kusan shekara biyar yana jayayya da gwamnatin ƙasarsa, watau Kenya. Abin da ya haɗa su kuwa tambaya ce guda: idan kaya sun sauka daga jirgin ruwa, a ina za a yi fitonsu, wa zai ɗauke su zuwa cikin ƙasa, wa kuma zai ci ribar ɗaukar? Mai karatu da ke Kano ko Gusau yana iya cewa ina ruwan biri da gada. To, a yi haƙuri a bi mu, domin duk wanda ya taɓa sayen buhun shinkafa ko ƙyallen atamfa da ya ƙetaro teku, ya riga ya biya kuɗin amsar wannan tambaya ko da bai sani ba.

Tun da aka yi sabon tsarin mulki a 2010 aka raba Kenya gunduma 47, kowace da gwamnanta da majalisarta, kusan kamar jihohinmu, suka fara aiki a 2013. Mombasa ce ta ɗaya a jerin, ita ce kuma mafi ƙanƙanta wajen faɗin ƙasa. Ƙidayar 2019 ta sami mutum kimanin miliyan 1.2 a cikinta. Ba ta da filin noma ko ma'adinai na a zo a gani. Abin da take da shi shi ne wani lungu na teku mai zurfi a yammacin tsibirin da tsohon garin yake, wanda ake kira Kilindini, ma'anarsa da Suwahili wuri mai zurfi. A nan manyan jiragen ruwa ke tsayawa, daga nan kuma abincin yawancin gidajen garin ke fitowa.

Gari ne tsoho ƙwarai. Ibn Batuta ya yada zango a cikinsa a 1331. Mutanen Fotugal sun iso a 1498, suka fara gina ganuwar da ake kira Fort Jesus a 1593, Larabawan Oman suka ƙwace ta a 1698. Duk wannan kokawa a kan abu ɗaya aka yi ta, watau wa zai riƙe ƙofar da hauren giwa da sauran hajja ke fita, tufafi da duwatsun ado ke shigowa.

Turawan Ingila su ne suka mai da ƙofar ta zama bakin doguwar hanya. A 1896 suka fara shimfiɗa dogo daga Mombasa, da ƙarfin leburori kimanin 32,000 da suka kwaso daga Indiya, waɗanda kusan 2,500 daga cikinsu suka rasu a bakin aiki. Dogon ya isa gaɓar Tafkin Biktoriya a 1901, ya kai Kampala a 1931. A nan akwai abin lura. Nairobi, wadda yau take babban birnin ƙasar, ba kome ba ce a 1899 illa zangon ma'aikatan reluwe a cikin fadama. Dogon da ya tashi daga Mombasa shi ya haife ta, ba a kuwa daɗe ba hedkwatar mulki ta tashi daga bakin teku ta koma can. Ke nan tun ran gini tun ran zane: mutanen Mombasa sun taɓa ganin yadda jirgin ƙasa ke ɗauke girma daga garinsu ya kai tudu.

Ƙofar ƙasashe da yawa

Tashar Mombasa ba ta Kenya kaɗai take yi wa aiki ba. Yuganda da Ruwanda da Burundi da Sudan ta Kudu ba su da teku, gabashin Kwango kuwa ya fi kusa da Tekun Indiya a kan nasa bakin ruwa. A 1985 aka ƙulla yarjejeniyar da ta kafa abin da ake kira Hanyar Arewa, wadda ta tashi daga Mombasa ta bi ta Nairobi da Nakuru da Eldoret, ta shiga Yuganda ta Malaba ko Busiya. Daga tashar zuwa Kampala ya haura kilomita 1,100. A cikin kayan da ke wucewa zuwa maƙwabta, Yuganda ce ke da kaso mafi tsoka. A 2024 tashar ta karɓi kaya fiye da tan miliyan 40, kwantenonin da suka ratsa ta kuma suka kai miliyan 2 a karo na farko, bisa lissafin kwantena mai tsawon ƙafa 20.

Abin da ke shigowa ya fi abin da ke fita nesa ba kusa ba. Man fetur da alkama da taki da ƙarfe da man ja da motoci su ne ke sauka. Ganyen shayi da gahawa su ne manyan masu fita. Saboda haka kwantenoni da yawa sukan hau tudu cike su komo ba kome a ciki, kuma kuɗin dawo da fankon akwati a kan mai kaya yake faɗawa. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Darajar hanyar takan fito fili ne ranar da ta toshe. Sa'ad da rikicin zaɓe ya ɓarke a Kenya a ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008, 'yan kwanaki kaɗan aka yi gidajen mai suka bushe a Kampala. A 2020 kuma, lokacin annobar korona, gwajin direbobi a Malaba ya sa layin manyan motoci ya miƙe tsawon kilomita gommai. Wanda ba shi da teku, numfashinsa yana hannun maƙwabci.

Yadda mota ta gaji jirgi

Tsohon dogon Turawa ya yi ta lalacewa bayan rushewar Ƙungiyar Gabashin Afirka a 1977. A 2006 aka ba wani kamfani mai zaman kansa hayarsa, bai tsinana abin kirki ba, aka soke yarjejeniyar a 2017. Kafin nan abin da jirgin ƙasa ke ɗauka daga tashar ya ragu har ya koma 'yan kashi kaɗan cikin ɗari. Saura duka tirela ce ke ja, a kan titin Mombasa zuwa Nairobi mai tsawon kimanin kilomita 480, wanda yawancinsa hannu ɗaya ne na tafiya, ɗaya na dawowa.

Wannan lalacewa ta jirgi ita ta zama arzikin Mombasa. Da tashar ta cika ta batse, sai aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe manyan filayen ajiyar kwantena a wajenta, inda ma'aikatan kwastan ke zuwa su duba kaya. Unguwannin Changamwe da Jomvu suka cika da gareji da sito. Mai kaya daga Nairobi ko Kampala dole ya zo ko ya aiko wakili, ya kama masauki, ya ci abinci, ya nemi mai fito, ya nemi mota. A bayan kowace tirela akwai direba da yaron mota, da bakanike da mai faci da mai walda, da mai sayar da mai, da mai gadi, da matar da ke dafa abinci a bakin gareji. Garuruwan kan hanya irin su Mariakani da Voi da Mtito Andei duk da wannan zirga-zirga suka rayu.

A nan ne gaskiya mai ɗaci take. Garin tasha yana cin abinci ne daga tsayawar kaya, alhali kuwa ɗan kasuwar cikin ƙasa yana cin riba ne daga wucewarsu da sauri. Kowane kwana da kwantena ta ƙara a Mombasa, ciniki ne ga mai fili da mai masauki, hasara ce ga mai kanti a Kampala, wadda zai ɗora wa mai saye. Duka biyun suna da hujja, kuma ba yadda za a yi a gamsar da ɗaya sarai ba tare da an taɓa ɗayan ba.

Sabon dogo da bashinsa

A ranar 31 ga Mayu 2017 Shugaba Uhuru Kenyatta ya buɗe sabon dogo mai faɗi daga Mombasa zuwa Nairobi, tsawonsa kilomita 472. Wani kamfanin ƙasar Sin ya gina shi a kan dala biliyan 3.6, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin rance ne daga bankin Exim na Sin. Jigilar kaya ta fara a Janairu 2018. A 2019 aka ƙara kilomita 120 zuwa wajen Naivasha, inda aikin ya tsaya a lokacin, da sauran tafiya mai nisa kafin iyakar Yuganda. Tun 2013 ma aka ɗora harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa ƙasar domin aikin dogo.

Ta fuskar aiki, jirgin ba shi da abin kushewa. Jirgi ɗaya yana jan kwantena fiye da 100, ya isa Nairobi cikin sa'o'in da ba su wuce goma ba, ba ma'aunin nauyi a hanya, ba shingen 'yan sanda. Amma rance ba ya jiran mai kaya ya yi sha'awa. A 2014 hukumar tashoshin ruwa ta Kenya ta sa hannu a wata yarjejeniya da hukumar jiragen ƙasa, cewa za ta ba jirgin wani adadi na kaya kowace shekara, in kuwa kayan ba su cika ba ta biya giɓin daga aljihunta. Da jirgin ya fara aiki sai aka ga 'yan kasuwa da yawa sun fi son motarsu.

Me ya sa? Domin jirgi tasha zuwa tasha yake kai kaya, mota kuwa ƙofa zuwa ƙofa. Wanda ya ɗora kwantena a jirgi zai biya kuɗin lodi a Mombasa, ya biya kuɗin jirgi, ya biya na saukewa a tashar tudu da ke Embakasi a Nairobi, sa'an nan ya sake neman mota ta kai masa sito, ya kuma biya kuɗin mai da fankon kwantenar bakin teku. In aka tara duka, sau da yawa sai ya tarar mota ta fi sauƙi. Bugu da ƙari, a shekarar farko tashar tudun kanta ta cushe, kwantenoni suka yi ta kwana, masu su na biyan kuɗin ajiya.

Maimakon a gyara lissafi, sai gwamnati ta ɗauki sanda. Tun daga 2018 aka fara tura kwantenonin cikin ƙasa kan jirgi ko mai su ya so ko bai so ba, a Agusta 2019 kuma hukumar tashoshi da hukumar tara haraji suka fitar da sanarwa cewa kayan Nairobi da gaba da ita a jirgi za su tafi, a can kuma za a yi fitonsu.

Abin da ya sami gari

Nan da nan Mombasa ta ji a jikinta. Kamfanonin fito suka kwashe ofisoshinsu suka bi kaya zuwa Nairobi. Filayen kwantena suka zama wayam. Masu tirela da suka sayi motoci da bashin banki suka rasa lodi, suka sallami direbobi. Gwamnatin gundumar, a ƙarƙashin Gwamna Hassan Joho, ta sa Jami'ar Nairobi ta yi bincike a 2019, binciken kuma ya nuna dubban mutane sun rasa aiki ko suna gab da rasawa. A wannan shekara direbobi da 'yan kasuwa suka riƙa fita zanga-zanga kowace Litinin.

Fushin ya daɗa zafi saboda wani tsohon miki. Tashar mallakar gwamnatin ƙasa ce, hukumar da ke riƙe da ita tun 1978 ga Nairobi take ba da bahasi, harajin kwastan kuma baitulmalin ƙasa yake shiga. Gunduma ita ke fama da cunkoso da hayaƙi da titunan unguwa da manyan motoci suka farfasa. Abin da ke rage mata zafi shi ne ayyukan yi da cinikin da kaya ke jawowa. Da aka ɗauke wannan, sai mutanen gari suka ce an bar su da shan bugu, gardi ya tafi da kuɗi.

Magana ta kai kotu. A Nuwamba 2020 Babbar Kotu a Mombasa ta yanke cewa umarnin tilasta amfani da jirgi ya saɓa wa tsarin mulki, domin ba a nemi jin ra'ayin jama'ar da abin zai shafa ba. Duk da haka al'amarin bai canja a aikace ba, har ya zama babban zancen yaƙin neman zaɓen 2022 a duk gaɓar teku. A ranar 13 ga Satumba 2022, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba William Ruto ya ba da umarnin mai da fiton kaya Mombasa, aka bar wa mai kaya zaɓi tsakanin jirgi da mota.

Mombasa ta yi murna, kuma tana da dalili. Sai dai bashin bai bi umarnin ya tafi ba. An fara biyan uwar kuɗin a 2020, kuma abin da jirgin ya samu a shekarun da suka biyo bai isa ya ɗauki nauyin ba, sai baitulmali ta cika. Watau direban da ya yi zanga-zanga a Changamwe yana cikin masu biya ta hanyar haraji. Sharuɗɗan rancen ma an daɗe ana ɓoye su, har jita-jita ta bazu a 2018 cewa Sin za ta karɓe tashar in an kasa biya, gwamnatocin biyu suka musanta. Sai a Nuwamba 2022 aka fito da wani sashe na takardun.

Maƙwabta ba barci suke ba

Yayin da ake wannan ja-in-ja, Darussalam ta Tanzaniya tana zawarcin 'yan kasuwar Ruwanda da Burundi da Kwango. A 2016 Yuganda ta zaɓi ta bi da bututun ɗanyen manta ta tashar Tanga a Tanzaniya, ta bar Kenya. A 2023 Tanzaniya ta ba kamfanin DP World na Dubai riƙon wani sashe na tashar Darussalam, a 2024 kuma ta buɗe nata sabon dogon zuwa Dodoma. A cikin Kenya kanta an buɗe sabuwar tasha a Lamu a 2021. Ɗan kasuwar Kigali ba ya auren tasha. Inda kayansa za su fita da wuri da arha, can zai nufa.

Kenya ta gane haka, ta kuma zuba kuɗi. Da rancen Japan aka gina sabon filin kwantena, kashi na farko a 2016, na biyu a 2022. A 2022 aka buɗe sabon wurin sauke mai a Kipevu da sabuwar gada a Makupa, mashigar tsibirin. A 2024 hanyar Dongo Kundu ta fara aiki, wadda ta ba motocin kudu damar kewaye tsibirin ba sai sun jira jirgin fito na Likoni ba, inda dubban ɗaruruwan mutane ke ƙetarewa kullum.

A ganinmu, makomar Mombasa tana cikin wani abu da ta riga ta iya. Tun 1969 ake gwanjon ganyen shayi a garin, kuma yana cikin manyan kasuwannin shayi na duniya. Shayin Kenya da Yuganda da Ruwanda da Burundi da wasunsu nan ake kawo shi, a ɗanɗana, a yi masa daraja, a gauraya, a ɗure, kafin ya tafi Pakistan da Masar. Wannan kaya yana tsayawa a Mombasa ne domin ana ƙara masa daraja, mai shi kuwa da son ransa yake biya. Ba umarnin gwamnati da zai iya ɗauke irin wannan ciniki dare ɗaya. Amma abincin da ake ci daga jinkirin takarda da layin mota, ko jirgi bai ɗauke shi ba, kwamfuta za ta ɗauke shi wata rana.

Namu rabon

Mu nan Nijeriya ba baƙin wannan labari ba ne. Dattawa suna tuna 1975, sa'ad da jiragen siminti fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Legas, abin da ya sa aka gina tashar Tin Can aka buɗe ta a 1977. Matasa kuma sun ga shekarun da tireloli suka yi ta kwana a kan gadojin Apapa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yana matsayin ɗan kasuwar Kampala ne, kayansa na sauka a wuri mai nisan kusan kilomita 1,000 daga shagonsa. Domin sa aka buɗe tashar tudu a Kaduna a Janairu 2018, da ta Dala a Kano a Janairu 2023, sabon dogon Legas zuwa Ibadan kuma ya fara aiki a 2021 da reshe har cikin Apapa.

Saboda haka muna kira ga hukumominmu da su ɗauki abu uku daga Mombasa. Na farko, tashar tudu ba ta da amfani sai kuɗin kai kwantena daga jirgin ruwa har ƙofar sito, haɗe da mai da fankonta, ya gaza na mota. Wannan lissafi za a fara yi kafin a yanka ƙyallen buɗewa. Hanya mafi sauƙi ta rage shi kuwa ita ce kwantenar da ta hau da kaya ta sauko da riɗi ko citta ko zoɓo ko fata. Na biyu, duk rancen da za a ci domin dogo ko tasha, a shimfiɗa sharuɗɗansa a faifai tun kafin sa hannu, tun da talaka ne zai biya. Na uku, a tuna da direba da yaron mota da mai faci da mai tuwo a bakin gareji, a zauna da su tun da wuri, a nuna musu inda za su koma. Jirgi ba ya kai kaya ƙofar kanti, aikin mota bai ƙare ba, gajarta kawai zai yi.

Ga 'yan kasuwarmu kuma, musamman ƙungiyoyinsu na Kano da Kaduna da Anaca, kada su jira sai an gama gini su fara kuka. Yanzu ne lokacin tambayar nawa ne kuɗin tarago, kwana nawa kaya za su yi a hanya, wa zai biya in sun makara. Mutanen Mombasa sai da suka rasa ciniki na shekaru, suka tafi kotu, suka jira zaɓe, kafin a saurare su. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.